Hutu Ɗaya a Tashar Saƙo

To, ku gyara zama, ga wata ta iso gare ku, kuma ba ta dariya ba ce. Mai waya a hannu ya kife ta, don in an gama sai kowa ya faɗi bakinsa, ba wanda zai zame.

A wata ƙasa ta noma, can inda duwatsu suka yi yawa kuma kububuwa ke kwana a gindin kowane dami, akwai wani ɗan ofis mai ɗaki biyu da fanka mai ƙara. Hajiya Hansatu ce shugabar wurin. Aikinsu ɗaya ne: in maciji ya sari mutum a ƙauye, magani ya isa gare shi kafin jininsa ya tsiyaye. Maganin nan kaɗan ne, kuma ba ya zama sai a firji, saboda haka a 'yan ɗakunan ajiya ƙalilan ake samunsa, ƙauyukan kuwa ba sa ƙirguwa. Abin da ke haɗa su wata manhaja ce da 'yan ofishin suka raɗa wa suna Tasha. Ma'aikacin lafiya na ƙauye zai turo saƙon waya, saƙon ya shiga Tasha, Tasha ta tambayi kwamfutocin ɗakunan ajiya wa ke da magani, sannan ta tashi ɗan acaɓa ya ɗauka ya kai.

Ita Tasha a karan kanta ba ta san komai ba, hanyoyi ne kawai da ƙofofi. A bakin kowace ƙofa sai an ajiye mata ɗan gajeren umarni, abin da masu aikin ke kira sikirif, ya tsaya kamar ɗan kamasho yana cewa wannan saƙo ya bi nan, wancan ya bi can, wannan a gyara masa fasali, wancan a jefa shi kwando. Daɗin sikirif, ana iya canza shi Tasha na tsakiyar aiki ba sai an kashe ta ba. Mugun abinsa ma shi ke nan, don in hannunka ya kuskure, duk saƙon da ke tafe a lokacin zai tsaya cak.

Ƙofofin uku ne, masu tsaronsu uku. Barira ce a ƙofar shiga, inda ake karanta saƙo a tace shi, kuma da yaren kwamfuta da ake kira Faiton take rubuta nata. Tasi'u ne a ta tsakiya, inda ake magana da ɗakunan ajiya, shi da yaren Gurubi ya saba. Haladu na ƙofar fita, wajen 'yan acaɓa da hanyoyi, yarensa Jabaskirif. Tasha tana jin yarukan nan duka, shi ya sa ba a taɓa tilasta wa wani ya koyi na ɗan'uwansa ba. Daga nan kuwa abin ya zama al'ada, ba mai buɗe sikirif ɗin wani, ko da ya ga hayaƙi na fita daga ciki.

Kada ku ji an ce aikin kwamfuta ku ɗauka zama ne a inuwa. Tun ruwan farko na shekarar nan wayoyin mutanen nan ba su mutu ba. Maciji bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Da kaka ta kama, aka shiga cirar gyaɗa da yankan dawa, sai saƙonni suka riƙa zubowa ba tsayawa. Hajiya Hansatu tana kallon su daga ƙofar ɗakinta suna ramewa, ita ma ƙafafunta sun kumbura, shayinta ya huce a gabanta ta manta da shi. Kowa ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya ɗauke ta.

Ana haka sai ƙungiyar da ke riƙe da ofishin ta aiko da magana. Bayan kaka mutum ɗaya zai tafi hutun wata guda, biyu su zauna su riƙe Tasha. Daga nan za a ƙaro sababbin ƙauyuka, ba sauran zancen hutu sai an ga bayan kakar baɗi.

Ɗaya bayan ɗaya suka zo ƙofarta. Barira ta zo tana murza bakin mayafi. Ta yaye 'yarta ta kai wa kakar yarinyar a wani gari mai nisa, yanzu in ta kira waya aka kara wa yarinyar a kunne sai ta ture, ta ruga bayan kakar. Tasi'u ya zo da hankici a ido. Likita ya ce masa idon hagun nan, in bai raba shi da hasken kwamfuta na ɗan lokaci ba, to ya yi masa sallama. Haladu ne ya zo daga ƙarshe. Mahaifinsa na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma duk wanda ya shiga gaishe shi tambayarsa ɗaya ce, yaron nan bai iso ba?

Hajiya ta saurari kowa, ta ji kanta na sarawa. Ranar da suka sake haɗuwa su uku a ƙofar, haƙurinta ya ƙare.

"Don Allah ku ƙyale ni haka nan," ta ce. "Ni ba zan iya auna ciwon wani da na wani ba. Wanda ya fi yi mana amfani a kakar nan, shi zai tafi. Na gama magana."

Maganar gajiya ce, tana fita ta yi nadama. Amma a gaban mutum uku ta fita, ba ta komawa.

Sai wata Juma'a ta zo. A wani ƙauye da ake kira Kwarin Ɗinya, wata mata mai suna Uwale tana cirar gyaɗa da hantsi, ta sa hannu a gindin ganye, kububuwa ta kafta mata sara. Aka ɗauko ta zuwa ɗakin shan magani, ga shi ma'aikacin wurin ya tafi gari, ya bar wa wani dattijo tsaro. Malam Ilu sunansa, tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya. Ya san sara, ya san lambar da ake tura wa saƙo, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa Tasha gajeriyar magana take so, sunan ƙauye da abin da ya faru, shi ke nan. Shi kuwa a tarbiyyarsa ba ya yiwuwa ka faɗo wa manya da buƙata ba gaisuwa. Ya zauna ya rattaba sallama, ya yi barka da Juma'a, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya sa albarka, sannan ya shigo zancen Uwale. Saƙon ya yi tsawo, tsohuwar wayarsa ta datsa shi gida uku, sabis ɗin ƙauye kuma ya kawo guntayen a warwatse.

To, duk Juma'a mutanen ƙauyuka sukan cika lambar nan da barka da Juma'a har saƙon gaske ya rasa hanya. Shi ya sa tun tuni Barira ta sa wa sikirif ɗinta doka, duk abin da ya ga gaisuwa ce zalla ya jefa shi kwando. Guntun farko ya iso, gaisuwa ce zalla, ya faɗa kwando. Na biyu da na uku suka iso ba kai ba gindi, sikirif bai gane su ba, suka bi ɗan'uwansu. Ba ƙararrawar da ta kaɗa. Malam Ilu yana can yana leƙen hanya, Uwale na tofar da jini.

Bari mu fara da Barira. Maza sun tafi masallaci, ofis ya rage daga ita sai Hajiya. Ba mai duba kwandon nan, don ba aikin kowa ba ne. Amma Barira tana da wata ɗabi'a da Hajiya ta daɗe da lura da ita ba ta tanka ba. In ta buɗe kwanon abincinta, sai ta buɗe kwandon tana karanta gaisuwar da aka zubar, domin a duk faɗin makon nan, nan ne kaɗai ake ce mata ya gajiya. Tana ci tana karantawa, sai Hajiya ta ji cokali ya faɗi. Cikin tarin barka da Juma'a Barira ta ga wani guntu yana cewa, "kuma jinin dasashinta ya ƙi tsayawa, Allah ya bar zumunci." Ba sunan ƙauye, ba sunan kowa, kwandon kuma cike yake fal, a hargitse. Bin sa da ido sai yamma ta yi. Nan take ta ture kwanon, ta rubuta sabon sikirif da zai tankaɗe kwandon, ya tattara guntayen da suka fito daga lambar waya ɗaya, ya jera su, ya ɗinke. Ta sake shi a kan kwandon. Sai ga saƙon Malam Ilu ya fito cif, daga sallama har sa hannu. Ta zare gaisuwar, ta mayar da shi kan hanya. Ba don ita ba, da ba wanda zai san akwai wata Uwale a duniya.

Saƙon ya iso ƙofar Tasi'u daidai yana shigowa da dardumar salla a kafaɗa. Tasha ta tambayi ɗakunan ajiya, amsa ta riƙa dawowa iri ɗaya, babu, babu, babu. Kaka ta cinye maganin. Wuri ɗaya ya rage, wani ƙaramin asibitin kamfanin gurzar auduga da ya yarda tun bara a haɗa shi da Tasha, amma kwamfutarsa tsohuwa ce, tana magana da wani tsohon fasali da Tasha ba ta ji. Hajiya ta kira mai tsaron ɗakin ajiyar ta roƙe shi.

"Ranki ya daɗe, akwai shi," ya ce. "Amma wallahi ko allura ba ta fita sai takardar izini ta fito daga injin nan. Na taɓa bayarwa da baki, saura ƙiris a kore ni."

Manajan da zai iya ɗage dokar kuwa, wayarsa a kashe take. Tasi'u ya ajiye dardumarsa. Ya ja kujera, ya ƙara wa rubutun girma, ya kawo fuskarsa dab da gilashin kwamfutar, ya shiga rubuta sikirif da zai yi tafinta tsakanin Tasha da tsohuwar kwamfutar. Ya tura, ta ƙi. Ya juya fasalin ya sake turawa, ta ƙi. Idon hagu ya yi jawur yana zubar da ruwa, ya danne shi da hankici ya ci gaba da na dama. Hajiya na tsaye a bayansa, bakinta na son ya ce bari haka nan, amma ta ƙyale shi ya ci gaba, kuma ta ji haushin kanta da hakan. Can sai wayarta ta yi ƙara, mai tsaron ajiya ne yana cewa takarda ta fito, a turo mai ɗauka. Ba don Tasi'u ba, da maganin na nan cikin firji a kulle, an san da shi, ba a isa a taɓa shi ba.

Saura kaiwa. Tasha ta zaɓi ɗan acaɓa mafi kusa, ta zana masa gajeriyar hanya ta mashigin kogi. Haladu, dawowarsa ke nan daga masallaci, ya kalla sau ɗaya ya dakatar da ita. Ya ji 'yan acaɓa na ƙorafi cewa ruwan ƙarshe da aka tafka a kan duwatsu ya cika kogin, babur ba ya ƙetarewa. Hanyar gada kuwa zagaye ce, kafin a isa rana ta faɗi, Uwale kuma ba ta da wannan lokacin. Dabara ɗaya ce, a raba tafiyar, babur ya kai bakin ruwa, mai fito ya ƙetare da shi a kwalekwale, wani babur ya karɓa a wancan gefen. Sai dai Tasha tun da aka gina ta, tafiya ɗaya mutum ɗaya ta sani. Dole a canza mata tunani tana cikin aiki, ga wasu 'yan acaɓa a kan hanya da maganin wasu bayin Allah, in ya kuskure duk su ɓace mata. Ya waiwayo ya kalli Hajiya, ta gyaɗa kai da ƙyar. Ya rubuta, ya karanta, ya sake karantawa, ya yi bisimilla ya saki. Mai fiton ba ya karatun boko, saboda haka Haladu ya sa sikirif ɗin ya mayar da rubutu murya, ya riƙa kiran wayarsa ba ƙaƙƙautawa har ya ɗaga. A hayin kogi kuwa ba su da ɗan acaɓa ko ɗaya.

"Barira, taimake ni da lambobin masu gaisuwar nan taki na hayi," in ji shi.

Ta ba shi. Wayoyin mutanen hayi suka ɗauki ƙara a lokaci guda, murya na cewa mai babur ya je bakin kogi don Allah, ran mutum ne. Kafin kwalekwale ya taɓa gaɓa, babura sun yi layi suna jira. Ba don Haladu ba, da maganin ya tsaya a bakin ruwa ƙanƙararsa na narkewa.

La'asar ba ta yi sanyi ba Malam Ilu ya ɗaura wa Uwale maganin. Jinin ya tsaya. Ta yi kwanaki tana jinya, ta tashi, har ta koma ta ƙarasa tsinkar gyaɗarta. A ofis kuwa ba wanda ya yi shewa. Barira ta jawo kwanonta da ya huce, Tasi'u ya kwantar da kai a tebur, Haladu ya fita ya zauna a dakali yana kallon ƙasa. Wani saƙon ya shigo, suka koma bakin aiki.

Kaka ta wuce, aka kira Hajiya daga sama aka ce suna jiran suna. Ta rufe ƙofa ta zauna tana juya abin. A duk kakar ba ranar da ta kai Juma'ar nan, a kanta za a yi hukunci. Ta ce a ranta Barira za ta zaɓa, don ita ta tono saƙon. Sai zuciyarta ta ce, to ai sikirif ɗin Barira ne ya jefar da shi tun farko, kuma an sha ce mata dokar nan ta yi kaifi, tana cewa za ta duba. Ta ce Tasi'u, don shi ya sa idonsa a kasada. Sai ta tuna haɗa asibitin audugar nan tun bara yake a wuyansa yana ɗagawa, da ya yi shi a kan kari da ba a kai ga roƙo ba. Ta ce Haladu, don shi ya ɗauki kasadar da ta fi kowace girma. Sai ta tuna ya ji labarin kogin tun kafin Juma'ar, bai sanar da Tasha ba, da a ranar ya makara a masallaci da babur ya tafi ya maƙale.

Abin da ya fi ci mata rai, ta san ba lalaci ne ya jawo ko ɗaya daga cikin sakacin nan ba. Mutanen nan ba malalata ba ne, ita shaida ce. Gajiya ce ta sa kowannensu ya ce gobe. Wanda ta tura zai dawo da sauƙi, biyun da ta tsare za su shiga sababbin ƙauyuka da tsohuwar gajiyarsu, ga kuma ƙofar wanda ya tafi a hannunsu, da yaren da ba su iya ba. Ita kanta ba wanda ya ambaci nata hutun, ba ta kuma tambaya ba.

Ta kira su. Suka shigo suka zauna a benci ɗaya. Ta zaci za su yi gardama, har ta so su yi, ko ta samu abin kamawa. Ina! Ba mai ƙarfin gardama a cikinsu.

"Ku taimake ni," ta ce. "Ku kuka yi aikin, ku faɗa mini."

"Hajiya, duk yadda kika yi daidai ne," in ji Barira, idonta a ƙasa.

"Ni dai ba zan ce na fi su ba," in ji Tasi'u. Ya juyo da dukan fuskarsa don ya gan ta, domin gefen hagu ya fara yi masa duhu.

Haladu ya buɗe baki ke nan wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, daga gida ne. Ya riƙe ta a hannu tana ƙara, bai ɗaga ba, don bai san amsar da zai ba su ba tukuna. Ta yi ta yi har ta katse. Duk suka zuba wa Hajiya ido, ita kuma ta kalli tata wayar da ke kan tebur, inda ake jiran ta kira ta faɗi suna ɗaya.

To, ga ta nan na ajiye muku. Kada wani ya ce mini a raba watan gida uku, an roƙa, an hana. Kada kuma a ce a jefa ƙuri'a, Hajiya ta yi alkawari da bakinta cewa aiki ne zai raba. Mai tono saƙo daga kwando tana nan, 'yarta na ture muryarta. Mai buɗe firji yana nan, idonsa na tafiya. Mai ƙetarar da magani yana nan, tsohonsa na tambayarsa. Ku da kuka huta kuka ci kuka ƙoshi, ku faɗa mini, sunan wa Hajiya Hansatu za ta kira, kuma da wane baki za ta ce wa sauran biyun su koma bakin aiki?